Wa Ke da Hakki a Kan Jinin Saurayi?

Kowace shekara akwai samari da ƴan mata Yahudawa, haifaffun Amurka, Faransa, Ingila da wasu ƙasashe, waɗanda suke barin iyayensu su tafi Isra'ila su shiga soja. Ba wanda ya tilasta musu. Rundunar ƙasar tana kiran irinsu sojoji marasa dangi a kusa, tana kuma ƙara musu albashi da taimakon wurin kwana. Tambayar ita ce, daidai ne mutum ya ɗauki bindiga domin ƙasar da ba ita ta goye shi ba?

Abin ba sabo ba ne. A yaƙin 1948 mutum fiye da 3,000 suka zo daga ƙetare, da yawansu tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu. A cikinsu akwai Kanar David Marcus na Amurka, wanda wani mai gadi daga ɓangarensu ya harbe da dare bisa kuskure, gama Marcus bai iya Ibrananci ba. A 1950 kuma aka kafa dokar da ta ba kowane Bayahude izinin zuwa ya zama ɗan ƙasa.

Masu goyon bayan tafiyar suna da hujja mai nauyi. A 1939 jirgin ruwa mai suna St. Louis ya ɗauko Yahudawa fiye da 900 masu gudun Hitila, amma Kuba ta ƙi yawancinsu, Amurka ma ta rufe ƙofa, jirgin ya koma Turai. Kafin 1945 ta ƙare an hallaka Yahudawa wajen miliyan 6. Yaron da ya tashi yana jin wannan labari daga bakin kakarsa, ba abin mamaki ba ne in ya ce naka sai naka. Nehemiya ma ya bar aikinsa a fādar Shushan ya tafi gina garun Urushalima, Littafi Mai Tsarki kuwa bai zarge shi ba.

Amma akwai wata fuska. Annabi Irmiya ya aika wa Yahudawan da aka kai Babila wasiƙa, ya umarce su su nemi lafiyar birnin da suke zaune a ciki. Ƙasar da ta ba yaro makaranta da asibiti tana da hakki a kansa, wani lokaci ma takan nemi hakkin. A 2023 gwamnatin Afirka ta Kudu ta gargaɗi ƴan ƙasarta cewa wanda ya shiga sojan Isra'ila ba da izini ba, ana iya gurfanar da shi gaban shari'a.

Sa'an nan akwai mutumin da ke gaban bindigar. A 1948 Falasɗinawa wajen 700,000 suka rabu da gidajensu, ba a bar su su koma ba. Jikansu yana iya tsayawa a shingen bincike yana miƙa takardunsa ga saurayin da bai daɗe da sauka daga jirgi ba. A 2014 Max Steinberg, ɗan Los Angeles, ya mutu a yaƙin Gaza, dubban mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suka raka gawarsa a Urushalima. A wannan yaƙi Falasɗinawa fiye da 2,000 suka mutu, da yawansu ba mayaƙa ba ne. Iyayen kowane ɓangare sun yi kuka.

Gaskiyar magana, wanda doka ta kama ta sa masa kakin soja yana iya cewa ba shi da zaɓi. Wanda ya sayi tikiti da kansa ba shi da wannan mafaka, gama tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Zumunci ya isa ya sa mutum ya tafi, amma bai isa ya wanke hannunsa daga abin da zai aikata a can ba. Sa'ad da sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, bai ce su tuɓe kakinsu ba, sai ya hana su ƙwace da ƙage. Saboda haka kafin saurayi ya yi sallama da mahaifiyarsa, ya kamata ya san umarnin da zai ƙi bi, ko da za a kulle shi. In bai shirya wa wannan ba, gara ya zauna gida.