Zanen dabba da haƙƙin maƙwabci

Shin ya dace mutum ya biya mai zane domin ya zana masa dokinsa ko kyanwarsa, a nan Yamai inda wani ke kwana da yunwa?

Masu suka suna kawo hujja biyu. Ta addini dai da sauƙi: malaman Malikiyya sun haramta sura mai inuwa, zanen takarda kuwa bai wuce makaruhi ba. Ta biyu ta fi nauyi, wai almubazzaranci ne, tunda salula na ɗaukar hoto kyauta.

A ganina wannan hujja ba ta tsaya ba. Kuɗin ba Kogin Kwara aka zuba su ba, aljihun mai sana'a suka shiga, kuma shi ma maƙwabci ne mai iyali, kamar maƙera da dukawan gidan tarihi na Bubu Hama. Salula ƙiftawar ido take yi. Mai zane kwanaki yake yi yana duban tabon goshi da karkatar kunne, har ya bambanta wannan doki da sauran dawaki. Wannan duban ake saya.

Ba kuma al'adar Nasara ba ce. A Dabus, arewa da Agadas, an sassaƙa raƙuman dawa bisa dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya zarce mita 5, da wani layi daga bakinsa zuwa ɗan ƙaramin mutum.