Mai Gida da Ɗan Haya

'Yan'uwa, ko daidai ne Kirista ya ƙara kuɗin haya domin kowa ya ƙara? A shekarar 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, siminti kuma ya yi tsada. Mai gida yana da tasa hujja. Amma a Abuja akan nemi hayar shekara guda dungum daga mai albashin wata-wata.

A zamanin Nehemiya talakawa suka jinginar da gidajensu saboda yunwa, sai ya tsauta wa manya har suka mayar. Riba halal ce, amma ban da wadda aka tatsa daga ƙuncin maƙwabci. Kafin mu ƙara, bari mu zauna da ɗan haya, mu ji abin da zai iya, gama mu ma baƙi ne a duniyan nan.