GUDUN SAFE BA YA BIYAN BASHIN DARE



Duk wanda ya yi sammako ranar Asabar a birnin Kaduna, ya bi ta Dandalin Murtala ko ta filin wasa na Ahmadu Bello, zai ga abin sha'awa. Maza da mata, samari da magidanta, wasu suna sassarfa, wasu suna buga ƙwallo, gumi yana zuba. A cikinsu akwai 'ya'yan Ikilisiyarmu da yawa, muna kuwa murna da haka, gama lafiya uwar jiki ce. Amma wanda ya bi ta Barnawa, ko Narayi, ko Sabon Tasha a daren Juma'ar da ta gabaci wannan safiya, zai ga waɗansu daga cikin waɗannan fuskoki a zaune a mashaya, kwalabe sun cika tebur, kiɗa yana tashi har ƙarfe biyu na dare.

Wata rana muka yi wa wani saurayi daga cikinsu magana a kan wannan. Ya yi dariya, ya ce, "Fada, kada ka damu. Abin da na sha jiya da dare, duk na fitar da shi da gumi yau da safe." Bai kai shekara arba'in ba muka tsaya a bakin kabarinsa. Matarsa tana goye da jariri, ɗan farinsa bai gama firamare ba. Likitoci sun ce hantarsa ce ta lalace. Tun daga ranar maganarsa take damunmu, domin mun sani ba shi kaɗai yake da wannan lissafi ba.

ABIN DA IKILISIYA TAKE KOYARWA

Bari mu fara da gaskiya. Ikilisiyar Katolika ba ta taɓa koyar da cewa ruwan inabi, ko burukutu, ko giyar kwalba ƙazanta ce a kanta ba. Alama ta fari da Ubangijinmu ya yi, a gidan biki ya yi ta, a Kana ta Galili, sa'ad da ruwan inabi ya ƙare, Uwarsa Maryamu kuwa ta ji tausayin ango da amarya (Yohanna 2). Waliyyi Bulus ma ya shawarci Timoti ya riƙa shan ruwan inabi kaɗan saboda ciwon cikinsa. A kan bagade, gurasa da ruwan inabi muke miƙawa kowace rana. Allah bai hana mu farin ciki ba, bai kuma hana abokai su zauna su yi hira bayan gajiyar mako ba.

Amma Littafi Mai Tsarki ɗin nan bai yi wa buguwa sassauci ba ko kaɗan. Nuhu, mutumin da ya tsira daga ruwan tsufana, ruwan inabin gonarsa ne ya kayar da shi, ya kwanta tsirara a cikin alfarwarsa (Farawa 9). Littafin Karin Magana, sura 23, ya zana mana mashayi da jajayen idanu da raunukan da bai san inda ya same su ba, yana farkawa kuwa sai ya koma neman wata. Waliyyi Bulus ya lissafta buguwa cikin ayyukan da suke hana mutum gadon Mulkin Allah, ya kuma lissafta kamunkai cikin albarkun Ruhu Mai Tsarki (Galatiyawa 5).

Kamunkai yana cikin manyan halayen kirki guda huɗu da muka koya a katekisma, tare da hikima, da adalci, da jaruntaka. Ma'anarsa ita ce mutum ya riƙe linzamin sha'awarsa, ya yi amfani da abin da Allah ya halitta bisa ga ma'auni. Katekisma ta Ikilisiyar Katolika, wadda ta fito a 1992, ta faɗa a sakin layi na 2290 cewa wannan hali yana kiyaye mu daga wuce gona da iri wajen abinci, da barasa, da taba, da magunguna. Ta ƙara da cewa wanda ya sa ransa da na waɗansu cikin haɗari a kan hanya saboda maye, laifinsa babba ne. Saboda haka tambayar da take gabanmu ita ce: tsakanin mutum da kwalba, wane ne maigida?

ABIN DA HANTA TA SANI

Yanzu mu koma ga lissafin saurayin nan. Babbar kwalbar giya da ake sayarwa a ƙasarmu tana ɗauke da barasa kusan giram 24. Hanta ce take narkar da fiye da kashi 90 cikin 100 na barasar da ta shiga jiki. Abin da yake fita ta numfashi, da fitsari, da gumi ɗan kaɗan ne ƙwarai. Hanta kuwa ba ta gaggawa. Kwalba ɗaya takan ɗauke ta awa biyu zuwa uku. Wanda ya sha kwalba huɗu ya tashi daga mashaya da ƙarfe ɗaya na dare, in ya fito gudu da ƙarfe shida na safe, da sauran barasa a cikin jininsa. Gudu ba ya hanzarta hanta. Farfesu ba ya hanzarta ta, wanka da ruwan sanyi ma haka.

Ga shi kuma barasa tana ƙone ruwan jiki, tana ɓata barci, tana hau da jini. Mutum ya kwana awa uku, jikinsa ba ruwa, sa'an nan ya ɗora wa zuciyarsa gudu, ya ce yana neman lafiya. Waɗansu sukan ƙara da haɗiyar farasitamol saboda ciwon kai, alhali ga mai yawan sha wannan ma ƙarin nauyi ne a kan hanta. Mu tuna kuma ciwon hanta nau'in B ya yawaita a ƙasarmu, mutane da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Ga irin wannan mutum, barasa tana hanzarta lalacewar hantar da take fama da ciwo tun dā.

Tun 1988 masana ciwon daji na duniya suka sa barasa cikin jerin abubuwan da aka tabbata suna jawo wannan ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2024 cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai. A 2023 kuma ta faɗa a fili cewa babu wani ma'aunin sha da za a ce ba shi da haɗari sam ga lafiya. Watau ko mai sha kaɗan, kada ya ruɗi kansa ya ce magani yake sha.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wato barasar da ake haɗawa a bayan gida ba a san abin da ke cikinta ba. A 2015 mutane da dama suka mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai guba. Barasar leda kuma, wadda kuɗinta bai kai na burodi ba, ta shiga aljihun 'yan acaba da 'yan makaranta, har hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hana yin ta a 2024. Da yayyafi kogi kan cika.

DARASIN MAI TSERE

Kada wani ya ce Fada ya hana motsa jiki. Sam. Waliyyi Bulus ya tuna wa Korintiyawa cewa jikinsu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, haikali kuwa ana share shi, ana gyara shi. Masana sun ba da shawara cewa babban mutum ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kamar tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar. Iyayenmu a ƙauye ba su bukaci wannan shawara ba, gama fartanya da tafiyar rafi sun ishe su. Mu da muka zo birni, muke wuni a kan kujera, muke hawan keke Napep zuwa bakin layi, mu ne muke bukatarta.

Kusa da birnin Korinti akan yi manyan wasanni kowace shekara biyu, shi ya sa Bulus ya yi wa mutanen garin misali da masu tsere (1 Korintiyawa 9). Abin da ya nuna musu shi ne, mai tsere yakan hori kansa cikin kowane abu, domin rawanin ganye wanda zai bushe. Ku lura, 'yan'uwa: cikin kowane abu, har da ci, da sha, da barci. Wanda yake da ƙarfin tashi da ƙarfe biyar na asuba ya yi gudu, ya riga ya nuna yana da ikon ce wa jikinsa a'a. Me ya hana ya yi amfani da wannan iko da ƙarfe tara na dare, sa'ad da aka turo masa kwalba ta uku? Gaskiyar ita ce waɗansu sun mai da gudun safe kamar tarar da ake biya domin a ci gaba da laifi. Allah ba ya karɓar irin wannan ciniki, jiki ma ba ya karɓa.

SHAIDU BIYU

Waliyyi Agustin ya ba da labarin mahaifiyarsa, Waliyya Monika, 'yar Tagaste a ƙasar Aljeriya ta yau. Tana yarinya akan aike ta ɗebo ruwan inabi daga ma'aji. Ta fara da ɗanɗanawa, kowace rana tana ƙarawa, har ta kai ga shan kusan cike da ƙoƙo. Wata rana suka yi faɗa da baiwar gidan, baiwar ta kira ta mashayiya. Kalmar ta soke ta, ta daina daga ranar. Wani lokaci ta bakin wanda muka raina Allah yake aiko mana da gaskiya. In matarka, ko ɗanka, ko abokin aikinka ya ce shanka ya yi yawa, kada ka yi fushi tukuna. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Na biyu shi ne Matt Talbot, lebura a birnin Dublin na ƙasar Ailan, ƙasar da ta aiko mana da fadoci da sistoci masu yawa. An haife shi a 1856, ya fara sha tun yana ɗan shekara 12, har yakan jinginar da takalmansa domin giya. A 1884, wata rana ba shi da ko sisi, ya tsaya a ƙofar mashaya yana jiran abokansa su saya masa. Suka wuce shi. Ya koma gida, ya tafi wurin fada ya yi ikirari, ya ɗauki alkawarin barin sha na wata 3, daga baya na muddin rai. Ya riƙe shi shekara 41 da Misa ta kowace safiya da addu'a, har ya faɗi ya rasu a kan hanyar coci ran 7 ga Yuni, 1925. Paparoma Bulus na Shida ya amince da nagartar rayuwarsa a 1975. Ga mutum kamar Matt, ma'auni ɗaya ne kawai: ko ɗigo. Akwai masu irin halinsa a cikinmu, ba abin kunya ba ne su nemi taimakon likita da na fada.

MA'AUNIN DA MUKE ROƘO

Ga abin da muke roƙon kowane ɗan Ikilisiya.

Na ɗaya, wanda zai sha ya yanke iyakarsa tun yana gida, idonsa biyu, ya kuma yanke lokacin komawa. Iyakar da aka bari sai an zauna a tebur, kwalba ce za ta yanke ta.

Na biyu, kuɗin abinci, da na haya, da na makaranta su fita tun ranar albashi. Wanda ya saya wa abokai giya alhali an koro 'ya'yansa daga makaranta, ya ɗauki abin da ba nasa ba.

Na uku, wanda ya sha kada ya taɓa mota ko babur. Mace mai ciki, da yaro, da mai ciwon hanta, da wanda ya sani in ya fara ba ya iya tsayawa, kada su sha sam. Kada kuma mu aiki yara sayo mana, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na huɗu, kada a matsa wa wanda ya ce ba ya sha, kada a yi masa ba'a. Waliyyi Bulus ya koya wa Romawa cewa gara mutum ya haƙura da abin da yake halal a gare shi da ya sa ɗan'uwansa tuntuɓe.

Na biyar, daren Asabar share fagen Lahadi ne. Wanda ya zo Misa da warin jiya a bakinsa, yana gyangyaɗi lokacin Bishara, ya tambayi kansa wa ya ba mafi kyaun ƙarfinsa.

Mu ma da muke shugabanci, fadoci da katekis da shugabannin Zumuntar Maza, wannan magana ta fara daga kanmu. Mu duba bukukuwan aurenmu, da na baptisma, da zaman makoki, da bikin godiyar kaka. Sau nawa ake auna darajar biki da yawan akwatunan giya? Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda addininsu ya haramta musu sha, suna kallonmu. Kada mu bari sunan Kirista ya zama ɗaya da sunan mashayi a bakin jama'a saboda halinmu.

Muna roƙon kowa ya gwada kansa da gwaji guda: ya yi kwana 40 ba tare da sha ba, ya ci gaba da motsa jikinsa, ya tara kuɗin da ya rage ya kai gida ko ya ba mabukaci. In abin ya zo da sauƙi, ya gode wa Allah. In ya gagara, to ya gane wane ne maigida, ya zo mu yi magana. Amma wanda ya daɗe yana sha da yawa kowace rana, har hannunsa yana rawa da safe, ya ga likita kafin ya daina, domin dainawa farat ɗaya tana iya yi masa lahani.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Yesu, kai da ka albarkaci bikin Kana, ka koya mana yin murna da ma'auni. Ka 'yantar da 'yan'uwanmu da sha ya ɗaure, ka ta'azantar da matansu da 'ya'yansu, ka kiyaye jikunanmu su zama mazaunin Ruhunka. Maryamu Uwarmu, ki yi addu'a dominmu. Waliyya Monika, ki yi addu'a dominmu. Amin.

Ubangiji ya kasance tare da ku.