Lou Whitaker da Tambayar Wa Ya Cancanci a Tuna da Shi

A wani ƙaramin gari mai suna Cooperstown a jihar New York ta Amurka akwai Zauren Shahararru na wasan besbol. Duk wanda aka kafa allon tagulla mai ɗauke da hotonsa a bangon zauren, ya kai maƙurar girma a wasan. Marubutan jaridu ne ke kaɗa ƙuri'a. Sai mutum ya sami kashi 75 cikin ɗari zai shiga, wanda kuma ya gaza samun kashi 5 a cire sunansa daga takardar zaɓe.

A 2001 sunan Lou Whitaker ya fito a takardar a karo na farko. Ya sami ƙuri'a 15 cikin 515, wato kashi 2.9, aka cire shi. Har yau ana gardama a kan wannan hukunci, kuma gardamar ta shafi ko wanda bai taɓa kallon besbol ba.

Filin besbol yana da zango huɗu da mai bugu zai zagaya kafin ya ci maki. Whitaker mai tsaron zango na biyu ne. Aikin wurin ba ya ɗaukar ido: ka tare ƙwallon da ta taho a ƙasa, ka taka zango, ka juya ka wurga wa na zangon farko yayin da wani ƙato ke sulalowa da ƙafafu zai ture ka. In an yi daidai, an fitar da 'yan wasa biyu a bugu ɗaya. Whitaker ya yi wannan aiki a ƙungiyar Detroit Tigers daga 1977 zuwa 1995, bai taɓa sauya ƙungiya ba. Ya yi bugu mai kai mutum zango sau 2,369, 244 daga ciki irin wanda ke ba mai bugu damar zagaye filin gaba ɗaya. Shi ne gwarzon sababbin 'yan wasa na rukuninsu a 1978, ya ci kyautar Safar Zinare ta iya tsaro sau uku, kuma da shi Detroit ta ɗauki kofin World Series a 1984.

Masu cewa bai cancanta ba suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Sun ce sunan wurin Zauren Shahararru, ba zauren masu ƙoƙari ba. A shekara 19 babu shekarar da aka ce Whitaker ne ya fi kowa. A zaɓen gwarzon shekara sau ɗaya ya sami ƙuri'a, a 1983, ya zo na takwas. Girmamawa kuwa kamar gishiri take, in ta yi yawa ta ɓata miya. Idan duk wanda ya daɗe yana aiki mai kyau zai shiga, ranar da gwani na gaske ya zo me za a ba shi?

A shekarar da aka cire Whitaker, wani kwamiti na musamman ya shigar da Bill Mazeroski, shi ma mai tsaron zango na biyu. Mazeroski gwanin tsaro ne, yana da Safar Zinare takwas, amma a bugu bai kai Whitaker ba. Abin da kowa ke tunawa da shi rana ɗaya ce: 13 ga Oktoba 1960, wasa na bakwai na World Series, ya tsallakar da ƙwallo katanga a bugun ƙarshe, Pittsburgh ta doke New York Yankees 10 da 9. Whitaker ba shi da rana irin wannan. Yana da dubban ranaku masu kama da juna.

Ba zan ce tunda Mazeroski ya shiga dole Whitaker ya shiga ba. Wannan hujja ce mai santsi: kowa zai nemo wanda ya fi rauni a zauren ya gwada gwaninsa da shi, har ƙofar ta ɓalle. Adalci shi ne a gwada shi da waɗanda ba a jayayya a kansu. Akwai wani lissafi da masana wasan suka ƙirƙiro, mai auna yawan nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa fiye da abin da ɗan cike gurbi zai kawo. A shafin Baseball Reference, Whitaker yana da kusan 75. Ryne Sandberg da Roberto Alomar, waɗanda marubuta suka zaɓa a 2005 da 2011, kowannensu bai kai 70 ba. Lissafi ba wahayi ba ne, yana iya kuskure da 'yan maki. Amma babu kuskuren da zai bayyana tazarar da ke tsakanin kashi 2.9 da kashi 75.

Ga kuma Alan Trammell, wanda ya tsare gefen zango na biyu ta ɗaya ɓangaren. Sun yi wasa 1,918 tare, ɗaya na miƙa wa ɗaya ƙwallo. An shigar da Trammell a 2018. Da aka kawo batun Whitaker gaban kwamiti a Disamba 2019, ya sami ƙuri'a 6 cikin 16, ana buƙatar 12. Aikin da hannu biyu suka yi, an yaba wa dama an bar hagu.

A nan ne nake ganin kuskuren masu riƙe da kalmar shahara. Shahara ba ta buƙatar zaure. Ita ke kai kanta ko'ina. Bugun Mazeroski ana nuna shi ko da allo ko babu. Amfanin masu hukunci shi ne su ga abin da 'yan kallo suka tsallake. Idan za su maimaita abin da tafi ya riga ya faɗa, to me ya sa aka zaɓe su? Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san wannan ciwo: tun Fabio Cannavaro a 2006 babu mai tsaron baya da ya sake ɗaukar Ballon d'Or. Ido yana bin wanda ya ci, yana mantawa da wanda ya hana a ci.

Dawwama a kan aiki mai kyau ma baiwa ce. Yin fice shekara ɗaya yana buƙatar ƙarfi da sa'a. Yin shekara goma sha tara ƙungiya ba ta neman madadinka yana buƙatar horon kai wanda mafi yawan masu baiwa ba su da shi. Mun san haka a rayuwa, domin a kan irin waɗannan mutane makarantu da asibitoci da gidaje suke tsaye, amma ranar rabon lambar yabo sai mu nemi mai labari mai daɗi.

Jinkiri kuma yana da farashi. Ron Santo na Chicago Cubs ya yi shekaru yana jira, ya rasu a Disamba 2010, aka zaɓe shi a Disamba 2011. Iyalansa ne suka karɓi girman. An haifi Whitaker a 1957. Detroit ta yi nata a Agusta 2022, ta jingine lambarsa ta 1 ba wanda zai ƙara sa ta. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Ni a ganina Whitaker ya cancanta, kuma ya kamata Cooperstown ta faɗa masa haka yana ji da kunnensa.