Ɗan Koyo a Gaban Allo

A watan Satumba a ke buɗe sabuwar shekarar makaranta a ƙasarmu. Yaran da su ka gama shekara 6 na firamare su kan shiga ƙaramar sakandare, inda za su yi shekara 3. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce waɗannan shekaru 9 kyauta ne, wajibi ne kuma a kan kowane yaro. Har wa yau kwalejojin horon malamai, irin ta Gidan Waya, su kan aiki ɗalibansu makarantu domin gwajin koyarwa. Ɗalibi ya kan rubuta shirin darasi, ya tsaya gaban allo, malaminsa kuwa ya zo ya zauna a bayan aji yana dubawa.

Waɗansu iyaye su kan ce, "Ai wannan ɗan koyo ne, me zai koya wa ɗana?" 'Yan'uwa, bari mu duba Luka sura 10. Ubangiji Yesu ya aiki almajirai saba'in, biyu biyu, zuwa garuruwan da shi kansa zai bi. Ba su gama koyo ba tukuna, amma ya aike su, gama ba a koyon iyo a tudu. Da su ka komo su ka ba shi labari, shi kuwa ya gyara musu tunani. Haka kuma Bulus ya bar Timoti a Afisa yana saurayi, ya gargaɗe shi kada ya bar ƙofar da za a rena ƙuruciyarsa.

Mu da mu ke Kazage da sauran ƙauyukan Birnin Gwari mun san tsadar malami. A watan Maris na 1921 ba mu nan, amma a watan Maris na 2021 muna nan sa'ad da 'yan bindiga su ka ɗauke malamai 3 a makarantar Rama. A watan Maris na 2024 kuma a ka kwashe yara a Kuriga, a kan hanyar Kaduna, har a ka sako 137 bayan mako biyu da 'yan kwanaki. A ƙarshen 2024 a ka yi sulhu, a ka buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari. Amma buɗe kasuwa ya fi cika aji sauƙi. Saurayi ko budurwa da ya yarda ya bi hanyar dajin nan domin ya koyar, lalle ya cancanci a karɓe shi hannu bibbiyu.

Me za mu yi fa? Mu ba shi masauki da tuwo, ko mai bi ne ko Musulmi. Mu gaishe shi da sunan malam a gaban yaranmu, gama yaro ba ya jin maganar wanda ubansa ya rena. Mu aiki yaran tun ran fari, mata da maza. Kada mu ce sai an gama karyar masara, gama mako na fari ne a ke kafa tushe, wanda ya makara kuwa da ƙyar ya ke kamo 'yan'uwansa.

Kai kuma ɗan koyo, ga taka. A gare ka gwaji ne na 'yan watanni, amma yaro ba shi da aji ɗaya sau biyu. Kada ka shirya darasi ran da mai dubawa zai zo kaɗai. Yakub, cikin sura 3, ya faɗakar da mu cewa shari'ar masu koyarwa ta fi tsanani. Mai dubawa na kwaleji ya kan zo ya koma, amma Ubangiji yana cikin aji kowace safiya.

Ran Lahadi mai zuwa bari kowace ekklesiya ta tsai da malamai da 'yan makaranta, ta yi addu'a dominsu. Allah ya kiyaye fitarsu da komowarsu. Amin.