Faifai Ko Bokitin Roba: Me Ake Ba Baƙon Biki?

Idan kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, sai bukukuwan aure su kankama a ikkilisiyoyin Kontagora da kewayenta. Wanda ya shiga gidan amarya mako biyu kafin ɗaurin aure a 'yan shekarun nan yakan tarar da abin da aka daɗe ba a gani ba: mata sun shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro, wannan tana saƙa faifai, waccan tana yanka sabulun da aka haɗa a gida, 'yan mata suna naɗe takarda mai launi suna mayar da ita furanni domin ƙawata majami'a. Wata dattijuwa daga Zumuntar Mata tana ɗura man kaɗe a ƙananan gwangwanaye, tana faɗa wa jikanyarta, "Ke, sannu a hankali, ba tuwo kike kwasa ba."

Ba son gargajiya kaɗai ya dawo da wannan aiki ba. Tun daga shekarar 2023, da aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki darajar naira ga kasuwa, kuɗin bokitin roba da kofi da jakar da ake buga hoton ango da amarya ya haura inda iyalai da yawa ba su iya kai hannu. Rashi ya koya wa mutane abin da wa'azi ya kasa. Amma tambaya tana nan ga kowane gida mai shirin aure: shin abin da aka yi da hannu ya fi abin da aka saya daraja, ko kuwa rufin asiri ne kawai ake yi wa suna mai daɗi?

A wannan ƙasa aure da aikin hannu tsofaffin abokan tafiya ne. Kalmar lefe ma, wadda yau ke nufin jerin akwatuna, asalinta sunan kwando ne na kaba da ake zuba kayan amarya a ciki. Jeren ɗakin amarya na dā ƙorai ne da aka sassaƙa musu zane, kafin kwanonin sha su ture su, tangaran kuma ya ture kwano. A wurin Lelna, waɗanda aka fi sani da Dakarkari, da suke da yawa daga Zuru har zuwa Kontagora, akwai al'adar golmo: saurayi da abokansa suna yi wa surukinsa noma, a al'adance har shekara 7, kafin a ba shi mata. Mai karanta Littafi Mai Tsarki ba zai rasa tuna Yakubu a gidan Laban ba. Komai za a ce game da nauyin wannan al'ada, ta ginu a kan fahimta guda, wato abin da mutum ya fi ƙauna, da kwanakin ransa yake biyansa.

Nan ne darajar aikin hannu take. Kuɗi ba su da fuska. Naira dubun da ta sayi bokiti ba ta faɗin ko daga gumi ta fito ko daga bashi. Faifai kuwa ba ya iya ƙarya, domin kowane zagaye na saƙarsa lokaci ne da wata mace ta cire daga barcinta, ko daga sana'arta, ta ba wanda wataƙila ba ta taɓa gani ba. Lokacin da Tabita ta mutu a Yafa, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 9 ta ba da labari, tufafin da ta ɗinka ne gwauraye suka riƙa nuna wa Bitrus suna kuka. Ba a ce ta bar dukiya ba. Ɗinkinta ne ya tsaya ya yi mata shaida. Ƙasa ma ta san wannan. Hoton Ladi Kwali, maginar tukwane wadda ta yi aiki a garin da ake kira Suleja yanzu, ta kuma rasu a 1984, yana bayan takardar naira 20. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin biranen duniya da suka yi fice a sana'ar hannu, saboda maƙeran tagulla da masu narka gilashi su yi tsakiya. Abin mamaki shi ne a tsallake dukan wannan a je a sayo robar da ba za ta kai damina biyu ba.

Sai dai wanda ya tsaya nan bai gama lissafi ba. Aikin hannu ma yana da nasa zunubin.

Na farko, hannun wa? Idan an gayyaci mutum 300, aka ce kowa zai tafi da faifai ko mafici, to, ba uwar amarya kaɗai za ta saƙa su ba. Sau da yawa nauyin yakan faɗa a kan waɗanda ba su da bakin cewa a'a: ƙanwar amarya mai shirin jarrabawa, yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana riƙo, ko gwauruwar da saƙa ce abincinta, aka ce mata, "Ai Mama, bikin 'yarki ne," domin kada ta yi maganar kuɗi. Ita kuma kunya ta hana ta, ta bar aikin kasuwa na mako biyu, ranar biki a yi wa uwar amarya tafi, ita ko sunanta ba a kira ba. Wannan ba tsimi ba ne. An dai ɗauke kuɗin biki daga aljihun mai shi an ɗora a bayan mara ƙarfi. Shari'ar Musa ta hana a kwana da ladan ɗan ƙodago, kuma ba ta ware ranar biki ba. Gudummawar da aka bayar da yardar rai albarka ce. Wadda aka tatsa da sunan zumunci kuwa, gara a ce an sayo robar a kasuwa, an biya mai shago kuɗinsa.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Girman kai ba ya ƙyamar kaba. Akwai gidan da zai kwana yana yanka furanni don dai a ce ba a taɓa ƙawata majami'a haka ba, a ɗauki hoto a sa a Facebook, amaryar wata mai zuwa ta gani hankalinta ya tashi. Gasar da aka kora ta ƙofa ta dawo ta taga, sanye da tufafin tawali'u. Akan ga an rufe bagade da yadi da balan-balan har mai wa'azi ya rasa inda zai ajiye littafinsa, amarya kuwa ta iso gaban fasto da jajayen idanu don kwana uku ba ta runtsa ba.

Amma inda gaskiyar kyauta take fitowa fili shi ne lokacin rabo, ko da hannu aka yi ta ko da inji. Kowa ya san yadda abin yake tafiya a wajen liyafa. Babbar jaka ta manyan baƙi ce da ke babban tebur. Matsakaiciya ta waɗanda suka sayi anko ce. Wanda ya zo da tsohuwar rigarsa, ya ba da abin da ya samu, sai a wuce shi kamar ba a gan shi ba, ko a miƙa masa ragowa. A nan kyauta ta tashi daga godiya ta koma rasit, shaidar nawa mutum ya biya. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta yi magana a kan wannan hali kai tsaye, inda ta kwatanta mai zoben zinariya da aka ba wurin zama mai kyau da matalaucin da aka bari a tsaye, kuma masu bi take yi wa faɗa, ba waɗansu ba. Masu rabon sukan ce kayan ne ba su isa ba. Gaskiya ne, sau da yawa ba sa isa. Amma wanda ya zaɓi yin manyan jakunkuna 50 maimakon ƙananan sabulai 300 ya riga ya yanke shawarar wanda zai koma hannu wofi tun kafin a buga katin gayyata.

A bikin Kana ta Galili ma kaya sun kasa. Ruwan inabi ya ƙare, kunya tana shirin rufe gidan ango. Abin lura a labarin, kamar yadda Yohanna sura 2 ta kawo shi, shi ne yadda aka yi gyaran a asirce. Uwar Yesu ta lura, ta yi magana a gefe. Barori suka cika randunan dutse 6 da ruwa, aikin da ba ƙarami ba ne ga mai ɗiba da hannu. Uban biki ya yabi ango bai san inda abin ya fito ba. Barorin da suka sha wahalar ɗiba su ne aka bar wa sanin asirin. Kuma abin da aka tanada na kowa ne, ba a ware wa babban tebur ba.

Saboda haka shawarar da ke gaban iyalin da ke shirin aure a watan Disamba ba ta tsaya kan faifai ko bokiti ba. Kafin a sayi kaba ko a dama sabulu, akwai zama da ya kamata a yi, uwar amarya da gwaggonninta da shugabar Zumuntar Mata, a ƙidaya baƙi da gaskiya, a tambayi kowace mai saƙa ko kyauta take yi ko sana'a, a biya ta sana'a kuɗinta kafin ranar biki. Idan abin da hannuwan gida za su iya yi ba tare da an hana yarinya karatu ba shi ne sabulu ɗaya ga kowane baƙo, to, a tsaya a nan. Masu rabo kuma su fara daga bencin baya, inda tsofaffin da suka tako da ƙafa daga Tudun Wada sukan zauna, su gangaro zuwa gaba. In kayan sun ƙare kafin a kai babban tebur, waɗanda ke zaune a can suna da sabulu a gida.