IGIYAR NANA ZAINAB DA 'YA'YANMU MASU SHIRIN JARABAWA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Lokacin jarabawa ya matso, JAMB a gaba, WAEC da NECO na biye da ita. Maganata ta yau da ku nake 'ya'yanmu na Batsari da Safana, musamman waɗanda rashin tsaro ya raba da gida. Wani daga Runka, wani daga Wagini, wata daga Zakka, yanzu kuna zaune gidan kawu ko gwaggo a Katsina ko Dutsin-Ma saboda makaranta da lesin. Tun abin da ya faru a makarantar Ƙanƙara a watan Disamba na 2020 iyaye da yawa suka ji tsoron makarantar kwana, suka gwammace su ɗora yaro a gidan ɗan'uwa. To yaro yana can, an ba shi ɗaki, ana ba shi tuwo, amma ba shi da abokin magana. Sai ya rufe ƙofa ya ce shi karatu yake, daga asuba har ƙarfe biyun dare, da goro da kofi, wani ma har da ƙwayar hana barci, wa'iyazubillah.

Ɗana, tsaya ka ji wannan. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa Annabi (SAW) ya shiga masallaci ya ga an ɗaure igiya tsakanin ginshiƙai biyu. Ya tambaya, aka ce ta Nana Zainab ce, idan ta gaji da tsayuwar sallah sai ta riƙe ta. Sai ya yi umarni a kwance igiyar, ya nuna cewa mutum ya yi sallah muddin yana da nishaɗi, idan ya gaji ya zauna. Sallah ce fa! Idan ba a yarda ka rataye kanka don nafila ba, wa ya ce ka rataye kanka don lissafi? Wannan kofin na ƙarfe ɗayan dare, ai ita ce igiyarka. Kwance ta.

Kuma dubi Annabi Musa (AS) a Suratul Kahfi. Tafiyar neman ilimi ya fita, amma da gajiya ta kama shi sai ya ce wa yaronsa ya kawo musu abincinsu, ya faɗi a fili cewa sun sha wahala. Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) kuwa ranar Alhamis kaɗai yake yi wa mutane wa'azi. Wani ya roƙe shi ya mayar da shi kullum, ya ƙi, don yana gudun ya gundure su, kuma ya ce haka Annabi (SAW) yake yi musu. Masana lafiya ma sun tabbatar a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka karanta da rana. JAMB tambayoyi 180 ce cikin awa 2 a gaban kwamfuta. Wanda ya shiga ɗakin nan idonsa jawur, kansa na sara, ko ya san amsa sai ya danna wata.

Amma fa hutu suna ya tara. Da yawanku idan kun ajiye littafi sai ku ɗauki waya. "Minti biyar kawai Malam." Minti biyar ɗin nan a TikTok takan kai la'asar. Ka tashi ido ya ƙara gajiya, zuciya ta ƙara ƙunci, don ka ga abokanka na hotuna a jami'ar Dutsin-Ma ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa, kai kuwa kana maimaita jarabawa karo na biyu. Daga nan Shaiɗan ya samu ƙofa: an wuce ka, kai ba ka da sa'a, kuɗin da babanka ya sayar da akuya ya biya zai tafi a banza. Wallahi yawancin wannan waswasin a ɗaki rufe yake girma.

Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito hadisin Abu Darda'i (RA) inda Annabi (SAW) ya yi umarni da lizimtar jam'i, ya kawo misali da kyarkeci, cewa dabbar da ta ware daga garke ita yake ci. Mu da muka tashi a bakin dajin Rugu ba sai an yi mana fassarar wannan misali ba. Saboda haka ga hutunka Allah Ya riga Ya tsara maka, sau biyar a rana. An kira sallah, rufe littafi ko kana tsakiyar shafi. Yi alwala, taka zuwa masallaci, kafaɗarka ta taɓa ta wani. Bayan sallama kada ka zabura kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Gaisa da mutum biyu, ka tambayi sunan wani. Bayan azahar ka ɗan yi ƙailula. Da yamma ka nemi ɗaya ko biyu masu irin jarabawarka ku yi wa juna tambayoyi, abin da ka koyar da wani da bakinka ba ya saurin gudu. Ke kuma 'yata, ki fito tsakar gida ki taya gwaggo tsince shinkafa, ki yi hira da yara, ki je Islamiyyarki. Rabin awar nan ba ita za ta hana ki kiredit biyar ba.

Kuma ku kira gida. Kun tuna watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a Batsari da Safana, mutum ya yi makonni bai ji muryar mahaifiyarsa ba? Yanzu layi na nan. Kira ta ka ce, "Inna, na gaji, ki yi mani addu'a." Idan kuwa abin ya kai ba ka iya barci ko cin abinci, ko kana jin rayuwar ta ishe ka, kada ka ɓoye. Gaya wa babba, a kai ka asibiti. Neman magani ba ya rage tawakkali.

Yanzu ku masu masauki, ku ji tsoron Allah game da amanar da aka ba ku. Ku tuna Ka'abu ɗan Malik (RA) da abokansa biyu da suka ƙi fita Tabuka. Ba a doke su ba, ba a ɗaure su ba, an dai hana yi musu magana kwana 50, har Alƙur'ani a Suratut Tauba ya ba da labarin yadda ƙasa duk faɗinta ta yi musu ƙunci. Horo ne wannan ga manyan sahabbai da suka yi laifi. Yaron da ke ɗakin zaurenka wane laifi ya yi da zai yi kwana uku ba wanda ya ce masa komai sai "je ka ɗebo ruwa"? Wataƙila an kashe masa wani a ƙauye, wataƙila wansa na hannun mutanen daji, ga littafi a gabansa amma hankalinsa na can. Kira shi ku ci abinci kwano ɗaya. Tambaye shi yaushe ne jarabawar, a wace cibiya aka tura shi, yana da kuɗin mota? Ranar da zai tafi ka tashe shi da kanka, ka raka shi ko bakin titi ne.

Allah Ka buɗe wa yaran nan ƙirazansu, Ka ba su sa'a, Ka mayar da iyayensu gonakinsu lafiya. Wanda ke da irin wannan yaro a gidansa, ya karanta masa wannan bayan sallar isha'i.